ZAWON YARA DA MAGANIN ƘWAYOYI MASU RAI

Da wuya a sami malamin makaranta ko akawu wanda ba a taɓa yin sallama da shi da dare ba, a miƙa masa kwalin magani a ce, "Malam, duba mana wannan, yaro ne ba lafiya." Mutanen unguwa sun ɗauka duk wanda ya iya karatun boko ya iya karatun magani, abin da ya faɗa kuwa shi za a bi. Wannan amana ce babba, gama wani lokaci ran yaro yana rataye ne ga amsar da malam zai bayar yana tsaye a bakin zaure.

A 'yan shekarun nan akwai wani irin magani da ya yawaita cikin kantunan magani, a ke saye domin yara masu zawo. Wani gari ne cikin 'yar takarda, wani ruwa ne cikin 'yar kwalba, wani kuwa kafso. Turawa suna kiransa furobayotik. Mu a nan za mu kira shi ƙwayoyin taimako, don abin da ke cikinsa ke nan, watau waɗansu ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani, a kan haɗiye su da nufin su isa cikin hanji su taimaki jiki. Likitoci sun yi shekara fiye da 30 suna gwada shi ga yara masu zawo, amsar da suka samu da fari kuwa daban ta ke da wadda suka samu daga baya. Ya kamata wanda a ke tambaya ya san yadda aka yi haka ta faru, ya kuma san abin da zai gaya wa mai yaro.

ABIN DA KE KAWO ZAWON

Kafin maganar magani sai a fara sanin cutar. Ƙwayoyin cutar da ke sa yara zawo iri iri ne, amma akwai manyan jinsi biyu da ya kamata a rarrabe. Na ɗaya bakteriya, su ne irin masu kawo kwalara da atuni. Na biyu bairas, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har madubin likita na kullum ba ya iya nuna su. Kaso mai yawa na zawon ruwa da ke kama ƙananan yara farat ɗaya aikin bairas ne, wanda ya fi su ɓarna kuwa shi ne rotabairas.

Ba a san shi ba sai a 1973. A wannan shekara wata malamar bincike mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta, a asibitin yara na birnin Melbon ta Ostareliya, suka ɗebi ɗan ƙanƙanen naman hanjin waɗansu yara masu zawo suka duba da babban madubi mai aiki da lantarki, sai ga shi cike cikin naman. Da shekara ta kewayo aka raɗa masa suna daga wata kalmar Latin mai ma'anar ƙafar keke, domin kamanninsa ke nan a cikin madubi.

Ta baki ya ke shiga, daga hannun da ya taɓa bayan gidan mai cutar, ko kwano, ko abin wasa. Ya kan yi kamar kwana 2 a ɓoye, sa'an nan yaro ya fara amai da zazzaɓi, zawo kamar ruwa ya biyo baya, ya yi kwana 3 zuwa 8. Kusan ba yaron da ke kai shekara 5 bai gamu da shi ba, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, na Turai da na Afirka, in dai ba a yi masa rigakafi ba. Ya fi tsanani tsakanin wata 6 da shekara 2, daidai lokacin da haƙora ke fitowa, shi ya sa iyaye mata kan ce zawon haƙori ne, su yi sake da shi. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ya fi yawa da hunturu.

Ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Bisa ga lissafin masana, a shekarar 2000 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 wajen 528,000 a duniya. Zuwa 2013 adadin ya sauka zuwa wajen 215,000, kusan rabinsu kuwa a ƙasashe huɗu ne kaɗai, Indiya da Nijeriya da Pakistan da Kwango ta Kinshasa.

Ga yadda ya ke yin ɓarnar. Cikin ƙaramin hanji a shimfiɗe ya ke da waɗansu 'yan tsirarrun gashi na nama kamar fuskar tawul, su ne ke tsotse ruwa da abinci su kai cikin jini. Rotabairas ya kan shiga kawunan waɗannan ya lalata su, ya kuma saki wani dafi da ke sa hanji ya riƙa zubo da ruwa daga jiki. Sai ya zama abin da yaro ya sha bai shiga ba, wanda ke jikinsa kuma yana fita. To, a nan haɗarin ya ke. Yaro ɗan shekara 1 mai nauyin kilo 10, in ya zubar da ruwa lita 1 bai mayar ba, ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ke nan, wannan kuwa bakin mutuwa ne. Bairas ɗin kansa jiki ne ke kore shi cikin 'yan kwanaki. Ƙafewar ruwan jiki ita ce ke kashe yaro kafin jikin ya gama aikinsa. Magungunan kashe bakteriya da a kan ɗura wa yara, kafso da ruwa da allura, ba su taɓa bairas ko kaɗan, sai dai su kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji.

ASALIN MAGANAR ƘWAYOYIN TAIMAKO

Hanjin kowane mutum lafiyayye cike ya ke da bakteriya marasa iyaka, galibinsu ba su cutarwa, waɗansu ma suna taimakon narkewar abinci da tsaron jiki. Wajen 1900 wani likitan yara a Faris mai suna Henri Tissier ya lura akwai wata irin bakteriya mai reshe biyu da ta cika bayan gidan jarirai masu shan nonon uwa, amma ta yi ƙaranci ga masu zawo. Sai ya kawo shawara a riƙa ba masu zawo ita. A 1907 wani mashahurin malami ɗan Rasha, Metchnikoff, wanda shi ma ke aiki a Faris, ya wallafa ra'ayinsa cewa tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya daga yawan shan nono mai tsami ya ke, domin ƙwayoyin da ke tsamama nonon suna danne masu cutarwa a cikin hanji. A 1923 kuma wani Bafaranshe, Henri Boulard, ya ware wani irin yis daga ɓawon 'ya'yan itace a yankin Biyetnam da maƙwabtanta. Har yau a na sayar da shi da sunan Saccharomyces boulardii. Wanda ya fi su suna a zamaninmu shi ne Lactobacillus GG, wanda malamai biyu na Amurka, Gorbach da Goldin, suka ware daga hanjin mutum a 1983, haruffan nan biyu kuwa farkon sunayensu ne.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara masana suka yanka wa abin iyaka. Suka ce ba a kiran abu da wannan suna sai ya cika sharaɗi uku: ƙwayoyin su kasance da rai, a ba da su da yawan da ya isa, a kuma tabbata sun amfani lafiyar wanda ya sha. Mai karatu ya riƙe waɗannan uku, za su yi mana amfani nan gaba.

Dalilin da ya sa aka sa rai gare su ba na banza ba ne. A ɗakin bincike an ga suna tare wuraren da ƙwayar cuta za ta manne a bangon hanji, suna fid da tsami da waɗansu abubuwa masu hana ta yaɗuwa, suna taimakon bangon hanji ya gyaru, suna kuma zuga jiki ya yi garkuwarsa. Amma abin da aka gani cikin kwalbar gwaji daban, abin da zai faru cikin cikin yaro daban. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

YADDA AKA GWADA

Gwajin magani yana da ƙa'ida, malamai kuwa za su gane ta da sauri, don ta yi kama da ta jarrabawa. Zawon bairas ya kan warke da kansa, saboda haka in aka ba yaro magani ran Talata ya warke ran Alhamis, wannan bai nuna kome ba, watakila da ma ran Alhamis zai warke. Abin da a ke yi shi ne a tara yara masu ciwo iri ɗaya a raba su kashi biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su wani gari mai kama da shi wanda ba kome cikinsa. Iyaye ba su san wanda ɗansu ya samu ba, likitan da ke dubawa ma bai sani ba, kamar yadda a ke ɓoye sunan ɗalibi ga mai gyaran takarda. Sai an gama a buɗe a gwama.

Gwaje-gwajen farko sun ba da sha'awa. A 1991, a garin Tampere ta Finlan, likita Erika Isolauri ta gwada Lactobacillus GG ga yara 71, galibinsu masu rotabairas. Waɗanda suka sha, zawonsu ya tsaya cikin kamar kwana ɗaya da rabi, sauran kuwa sai kusan kwana biyu da rabi. A shekarar 2000 aka sake gwadawa ga yara 287 a asibitocin ƙasashe da dama, galibinsu na Turai. Masu shan ƙwayoyin suka yi awa 58 suna zawo, sauran awa 72. Da aka ware masu rotabairas kaɗai sai tazarar ta ƙaru, awa 56 da awa 77. Akwai wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, aikinta ta tattara gwaje-gwajen duniya a kan magani guda ta auna su tare. A 2010 ta haɗa gwaji 63 masu mutum 8,014, yawancinsu yara, ta ce ƙwayoyin taimako suna rage zawo da kamar kwana 1. Daga nan maganar ta bazu, likitoci suka shiga rubutawa, kamfanoni suka shiga yi.

Amma akwai waɗanda hankalinsu bai kwanta ba, domin yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, waɗansu kuma ba a bi ƙa'ida sosai ba. Saboda haka aka shirya manya guda biyu, aka buga sakamakonsu rana ɗaya cikin watan Nuwamba na 2018. Na farko a Amurka, yara 971 'yan wata 3 zuwa shekara 4, a asibitoci 10. Rabinsu aka ba su Lactobacillus GG, ƙwaya miliyan 10,000 sau biyu a rana har kwana 5. Da aka buɗe, masu shan maganin sun yi awa 49.7 suna zawo, masu shan garin banza awa 50.9. Waɗanda ciwonsu ya yi nauyi, kashi 11.8 cikin 100 a nan, kashi 12.6 a can. Na biyu a Kanada, yara 886 a asibitoci 6, da wani haɗin ƙwayoyi iri biyu. Masu ciwo mai nauyi kashi 26.1 cikin masu shan maganin, kashi 24.7 cikin sauran. Wannan bambanci bai fi wanda ƙuri'a kaɗai kan kawo ba. Watau dai maganin bai yi kome ba.

Waɗansu suka ce ai yaran Amurka da Kanada an yi musu rigakafin rotabairas, don haka waɗansu bairas dabam ne ke damunsu, ƙwayoyin taimako kuwa da rotabairas suka fi ƙwarewa. Likitocin Kanada suka koma suka binciki bayan gidan yaran ɗaya ɗaya suka gane irin bairas ɗin kowa. A 2020 suka ba da labari cewa ba wani iri da maganin ya taimaka a kansa, bai kuma sa bairas ya fita daga jiki da sauri ba. A wannan shekara ƙungiyar Cochrane ta sake lissafinta da gwaji 82 masu mutum 12,127. Da ta ware waɗanda aka bi ƙa'ida sosai ta dube su kaɗai, sai ta janye maganarta ta 2010, ta ce ga alama ƙwayoyin ba su rage yawan yaran da zawonsu ke wuce kwana 2.

Me ya sa na farko suka ruɗe mu? Dalili ɗaya shi ne gwaji ƙarami ya kan yi dace, kamar yadda aji mai yara goma kan ci jarrabawa duka wata shekara ba don malaminsu ya fi kowa ba. Wani dalilin kuma, wanda gwajinsa ya yi kyau ya kan yi ɗokin bugawa, wanda nasa bai nuna kome ba ya kan jefa cikin akwati, sai mai tattarawa ya ga masu kyau kaɗai. Ban da wannan, ƙwayoyin nan iri ɗari ne, abin da aka gani ga wannan ba ya zama shaida ga wancan, ko da sunayensu sun yi kama.

A ƘASASHE MASU ZAFI FA?

Mai karatu zai ce yaran Amurka ƙosassu ne, namu fa da suka fi fama? An gwada a irin waɗannan ƙasashe. A Barazil, a 2003, an ba yara 124 masu zawo mai tsanani Lactobacillus GG a asibiti, ba a ga bambanci ba. A Biyetnam, a 2018, an gwada wata iri ga yara 300, nan ma ba a ga kome ba. Akwai dai waɗansu gwaje-gwaje a Indiya da waɗansu wurare da suka nuna ɗan amfani, shi ya sa maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na arewacin Gana, wanda aka buga a 2006. A can ma da gero a ke yin koko, ruwan tsamin da ke tasowa bisa ƙullu kuwa cike ya ke da ƙwayoyin tsami masu rai. Masu bincike suka yi tunani, in wannan ruwa zai yi maganin zawo, ai talaka ya sami magani a gindin murhunsa. Suka ɗauki yara 184 'yan ƙasa da shekara 5 da aka kawo ɗakunan shan magani da zawo, duka aka yi musu maganin da aka saba, rabinsu aka ƙara musu da ruwan tsamin har kwana 5. Yawan zawon bai ragu ba, kwanakinsa ma ba su ragu ba.

Yau dai ga inda manyan hukumomi suka tsaya. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a 2020, ta ba da shawara kada a ba yara masu zawon nan ƙwayoyin taimako. Ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai, a wannan shekara, ta ce a na iya ba da waɗansu 'yan iri da ta ambata, cikinsu har da Lactobacillus GG da yis ɗin Boulard, amma ita da kanta ta ce hujjar mai rauni ce, kuma ƙari ne kawai bayan an mayar wa yaro ruwan jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, cikin ƙa'idojin da ta fitar a ƙarshen 2024, ta ba da shawara kada a yi amfani da su wajen maganin zawon yara. Ko wanda ya fi kowa yabonsu bai ce suna hana mutuwa ba. Iyakar abin da ya ce shi ne watakila su rage kwana ɗaya.

HAƊARI DA ASARA

Ga yaro mai ƙarfin jiki ƙwayoyin nan ba su cika yin lahani ba, manyan gwaje-gwajen nan ma ba su nuna wata cutarwa ba. Amma a tuna abu ne mai rai. Ga bakwaini, da yaron da garkuwar jikinsa ta raunana, da wanda ke kwance asibiti an sa masa roba cikin babbar jijiya, su kan iya ƙetarewa daga hanji su shiga jini. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci a kan ba bakwaini su, bayan wani jariri ya mutu ta wannan hanya. Irin waɗannan yara kada a ba su sai da izinin likita.

Sa'an nan ga sharaɗin nan na farko, cewa sai ƙwayoyin suna da rai. Zafi da laima suna kashe yawancinsu. Kwalin da ya sha hanya cikin mota, ya kwana wata da watanni cikin shago mai rufin kwano da bazara, mai saye ba shi da hanyar sanin ko saura nawa ke da rai a ciki.

Babban haɗarin kuwa shi ne na sakankancewa. Uba ya fid da kuɗin da ke aljihunsa ya sayi kwali mai tsada, galibi ya fi kuɗin gishirin zawo nesa, ya koma gida zuciyarsa a kwance ya yi magani. A zauna a na jiran magani ya yi aiki, yaro kuwa yana ta tsiyaya har maɗigarsa ta faɗa.

NONO DA KOKO

Ba a ce a raina abincinmu mai tsami ba. Kindirmo da nono da koko abinci ne nagari, yaro mai zawo kuwa yana bukatar abinci. Tsami yana rage sukarin madara wanda hanjin da bairas ya lalata ke wahalar narkarwa, shi ya sa likitoci kan ce yaron da zawonsa ya daɗe a ba shi kindirmo maimakon madarar shanu. Sharaɗi shi ne yaron ya wuce wata 6, madarar kuma an tafasa ta kafin a sa ta tsami, ba a kuma sirka ta da ɗanyen ruwa ba, gama ɗanyar madara ta kan ɗauko tarin fuka da waɗansu cututtukan shanu. Koko kuwa da zarar an dama shi da tafasasshen ruwa ƙwayoyinsa sun mutu. A ba yaro don ya ƙoshi, kada a ɗauke shi a bakin magani.

Abin da ya fi duka shi ne nonon uwa. A cikinsa akwai garkuwar da uwa ke ba ɗanta, akwai kuma waɗansu irin sukari waɗanda jariri ba ya narkar da su, abincin ƙwayoyin nan ne masu reshe biyu da Tissier ya gani. Watau uwa mai shayarwa tana kiwon ƙwayoyin taimako cikin hanjin ɗanta kullum ba ta biya ko kwabo ba. Kada a janye wa yaro nono don yana zawo, a ƙara masa.

ABIN DA BA A JAYAYYA A KANSA

Na farko ruwan gishiri da sukari, wanda a ke kira O.R.S. Masana sun gano ko hanji na zawo yana iya tsotse gishiri in an haɗa shi da sukari daidai gwargwado, ruwa kuwa ya kan bi gishiri. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon ta Indiya, ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin manyan duro, dangi suka riƙa ba marasa lafiyarsu da kofi. Mutuwa ta sauka daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Mai karatu ya gwama wannan da awa ɗaya ta gwajin Amurka.

A zuba takarda guda cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinta, galibi lita 1, watau ledar ruwan sha mai rabin lita guda 2, ko tafasasshen ruwa da ya huce. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar a dama sabo. In ba a sami takardar ba, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, cikin lita 1, kafin a samo ta. Kada a ƙara gishiri ya wuce haka.

Na biyu ƙwayar zinki. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa ta tare da O.R.S. A na sha kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, tana rage kwanakinsa, tana kuma tsare yaro daga wani zawon na 'yan watanni. Ma'aikacin lafiya shi zai faɗi gwargwadon da za a ba yaro.

Na uku rigakafi. A 2006 aka sami sabon maganin rigakafin rotabairas da a ke ɗigawa a baki, a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa shi cikin rigakafin yara. Gana ta fara a 2012, Nijar a 2014, Nijeriya kuwa a watan Agusta na 2022, a na ɗigawa yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. A Madarunfa ta jihar Maraɗi ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada wani iri mai jure zafi da aka yi a Indiya ga jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya hana kashi biyu cikin uku na zawon rotabairas mai tsanani. Wanke hannu da sabulu da tsabtar ruwa wajibi ne, suna tare cututtuka da yawa, amma rotabairas ya kan kuɓuce musu, sai rigakafi.

AMSAR DA MALAM ZAI BAYAR

To, in an yi sallama da kai an miƙo maka kwalin, kafin ka karanta shi ka tambayi yaron. Tun yaushe ya fara? Yana shan nono? Yaushe ya yi fitsari? An dama masa O.R.S.? In ba a dama ba, a dama yanzu kana tsaye. In aka ce idanunsa sun faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko ya ƙi sha, ko kome ya sha sai ya amayar, ko ya yi laƙwas ba ya kula da kowa, ko an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko akwai jini cikin zawon, ko zazzaɓi mai zafi, ko jariri ne da bai kai wata 2 ba, to, ba maganar kwali kuma, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren nan, a na ba shi ruwan a hanya. Haka kuma in ya kwana 3 ba sauƙi.

In kuwa yaro yana sha yana wasa, sa'an nan ka karanta kwalin ka gaya wa uban gaskiya. In likita ne ya rubuta, a ba shi yadda ya ce, amma kada a fasa ruwan gishiri da zinki da nono ko sau ɗaya saboda shi. In mai shago ne ya ba da shawara kuma ba a riga an biya ba, ka ce ya riƙe kuɗinsa ya sayi O.R.S. da zinki, abin da ya saura ya saya wa yaro abincin da zai mai da jikinsa. Kafin ya tafi ka tambaye shi katin rigakafin ƙanen yaron da ke goye, ka duba ko an ɗiga masa na rotabairas.